Tawul Mai Ruwan Goro

Fita ɗaya ta rage mana kafin damina ta rufe teku, kuma a wannan fitar ce Alhaji Latif ya ga damar cewa zai bi mu.

Shi ne mai jirgin. Shekara goma sha tara mahaifina, Abah, yana tuƙa masa, yana kai baƙi kamun kifi daga kwatar Rompin a ƙasarmu Malesiya, ban taɓa ganin Alhaji ya wuce bakin kogi ba. Kullum cewa yake teku na tayar masa da hawan jini. Amma ran nan, a ƙarshen Oktoba, da muka sauko kwata da sassafe ɗauke da ƙanƙara da ƙunshin shinkafar kwakwa, sai muka tarar da shi zaune cikin jirgi, ya kifa malafa, yana kurɓar kofi.

"Pak Embong, yau da ni za a yi," in ji shi. Haka kowa ke kiran Abah, wato Baba Embong. "Baƙin nan abokan ɗana ne. Kuma ina so in ga idon mikiyar nan da ake ta ba ni labari, tun ban mutu ba."

"To Alhaji, ka dai riƙe cikinka," in ji Abah yana dariya. "Bokiti ɗaya gare mu, shi ma na koto ne, kifayen da za mu soka a ƙugiya."

Na san dariyar mahaifina. Wannan ba ita ba ce.

Idon mikiya, haka masu jirage ke kiransa. Baƙin da ke zuwa mana a watannin nan kifi ɗaya suke nema, layaran, mai dogon baki kamar mashi da faffaɗan filafili a gadon baya. Shi kuwa layaran ba ya zama wuri ɗaya. Yakan koro ƙananan kifaye zuwa saman ruwa, tsuntsaye su taru a kansu suna sura. Wanda ya fara ganin tsuntsu shi zai fara kama kifi. A da, Abah kan hango su tun sauran matuƙa ba su ga komai ba sai sararin sama.

Tun bara yanar ido ta fara kama shi, idon dama, sannan na hagu. Yanzu daga ɗakin tuƙi zuwa goshin jirgi yana ganin launi in mai ƙarfi ne. Abin da ya wuce nan kuwa farin hayaƙi ne kawai. Likita ya ba shi ranar aiki a Disamba, lokacin da teku ke rufe, babu mai tambayar inda ya je. Daga ni sai mahaifiyata muka sani. Ga kuma Shukri, ɗan ƙanen Alhaji, da ya yi shekara biyu yana tuƙin aro a jiragen mutane, yana jiran a ba shi nasa. A kwatarmu, in makullin jirgi ya koma hannun wani, ba ya dawowa.

Shi ya sa muka yi dabarar tawul. Wani tsohon tawul ne mai ruwan goro, launin da idon Abah ke iya kamawa. Ni ke tsayawa a goshin jirgi da shi a kafaɗa. In na ga tsuntsaye a dama, sai in matsa jikin ƙarfen dama. In a hagu ne, in koma hagu. In na tsaya tsakiya, ya miƙe. In na sauke tawul ƙasa, ya rage wuta. Wata huɗu muna haka, tun Yuli, ba wanda ya lura. Ba ma mai kallona. Tun da na bar makaranta a aji huɗu na shiga jirgi, an san ni da shiru. In baƙo ya yi min magana sai harshena ya yi nauyi, wuyana ya ɗau zafi, in kama kallon ƙafata. Wani ya taɓa tambayar Abah ko ni bebiya ce.

Baƙin suka iso a makare, ruwa har ya fara janyewa. Su biyu ne daga Kuala Lumpur. Encik Razlan, wato Malam Razlan, ƙato mai babbar murya, da sandunan fatsa shida a doguwar jaka, sai ƙanen matarsa Hafizi, wani siriri da bai taɓa hawa jirgin ruwa ba.

"Wannan ne Pak Embong?" in ji Encik Razlan. "Hafizi, gaishe shi da kyau. An ce mutumin nan daga nan yake hango tsuntsu a Singafo."

"Sai dai in tsuntsun ya yi ƙiba," in ji Abah.

Muka kama hanya. Alhaji bai zauna a baya inda baƙi ke zama ba. Ya shiga ɗakin tuƙi, ya zauna a bencin da ke kusa da sitiyari, gwiwarsa har tana taɓa ta Abah. Da na ga haka na san wani ya kai masa magana.

Bakin kogi muka fara ratsawa, inda tudun yashi ke canza wuri kowace shekara. Na matsa dama, na dawo tsakiya, na ɗan karkata hagu, kamar mai gyara igiya. Jirgi ya bi ni tiryan-tiryan, ya fita ko yashi bai taɓa ba. Na ji Alhaji na cewa, "Hmm," kamar wanda aka hana shi abin da ya zo nema. Raina ya ɗan yi sanyi.

Bayan awa ɗaya muka kai unjam ɗinmu, ganyen kwakwa da muka ɗaure muka nutsar, da gora a tsaye a sama don shaida. Ƙananan kifaye na taruwa a inuwarsa, a nan muke kama koto. Abah ya kashe inji. Jirgi in ya tsaya shi ne yake fara jijjiga mutum, ga shi ran nan ruwa na ɗagowa daga arewa, alamar damina ta kusa. Ba a yi minti goma ba fuskar Hafizi ta yi fari fat. Ya ajiye sanda, ya rungume ƙarfe, ya dawo da duk abin da ya karya da shi.

"Kai, ka ba kifi koto tun ba a tambaye ka ba!" in ji Encik Razlan. "Yayarka ta ce in mayar da kai namiji, kai kuma ka zo kana min haihuwa a jirgi."

Ina durƙushe ina cire kifi daga ƙugiya ina jefawa a bokiti, sai na ji inuwa a kaina.

"Ƙanwata, ara mana wannan."

Kafin in ɗago Encik Razlan ya zare tawul ɗin daga kafaɗata. Ya tsoma shi a ruwan ƙanƙara, ya matse, ya naɗa wa Hafizi a ka.

"Je ka gaba ka sha iska. Ka kalli nesa, kar ka kalli ruwa."

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Maganar ta zo har maƙogwaro ta tsaya. Ya riga ya juya yana ɗaura ƙugiya yana waƙa. Abah kuma a lokacin Alhaji ya tsare shi da zancen man inji, bai ji komai ba. Na ce a raina, bari Hafizi ya ɗan farfaɗo, zai ajiye shi da kansa.

Koto ya isa, Abah ya tada inji. Na koma goshin jirgi da kafaɗa wayam. Hafizi na gefena, ya rataye a ƙarfen hagu, tawul na ɗiga a kansa.

Ba mu yi nisa ba na hango su. Can dama, wajen kudu, kamar ana watsa farar toka a sama tana zubowa. Tsuntsaye sun fi ɗari. Duk kakar nan ban ga taro irin wannan ba. Na matsa ƙarfen dama da sauri, na manta babu abin da Abah zai gani a jikina, don rigata toka-toka ce, ɗankwalina baƙi.

"Alhaji," na ji muryar Abah cikin natsuwa, "bari mu leƙa nan ɓangaren. Jikina na ba ni."

Ya juya jirgi hagu.

Na tsaya ina kallon tsuntsayena suna komawa baya. Muka yi tafiya mai tsawo zuwa inda babu komai sai ruwa. Can iska ta riƙa dawo wa Hafizi da amansa a fuska, sai ya rarrafa ya koma ƙarfen dama. Jirgi ya juya dama. Na ce alhamdu lillahi. Ba a daɗe ba rana ta dame shi a nan, ya sake komawa hagu. Jirgi ya bi shi. Na waiwaya na kalli layin kumfar da muka bari a baya, ya lanƙwashe kamar sawun maciji.

"Pak Embong, wai me muke bi ne?" in ji Alhaji.

"Igiyar ruwa, Alhaji. Yau kifin yawo yake yi."

Sai oba-oba ta yi ƙara a ɗakin tuƙi. Muryar Shukri ce, daga jirgin da yake tuƙin aro a ranar.

"Pak Embong, Pak Embong, ina hango ka. Rawa kake koya wa baƙi ne? Mu nan har mun kama biyu mun saki. In tsufa ne ka faɗa, in aiko maka da tsuntsu ɗaya a leda."

Wasu matuƙan suka shigo layi suna dariya. Abah ya ɗauki abin magana. "Shukri, ranar da na fara ganin tsuntsu kai ko wando ba ka sa ba. Kama naka ka bar ni." Ya ajiye. Amma daga inda nake ina ganin yadda ya damƙe sitiyari.

Encik Razlan ya fara ƙorafi. "Ƙarfe sha ɗaya fa, Pak. Ban tuƙo mota awa huɗu don in zaga teku ba. Matata na jiran hoto."

Sai na tuna rigunan ceto. Su ma ruwan goro ne. Matsalar, a ƙarƙashin bencin da Alhaji ke zaune suke. Na lallaɓa na shiga ɗakin tuƙi, na durƙusa, na zura hannu ta bayan ƙafafunsa, na jawo ɗaya a hankali. Igiyarta ta maƙale a takalminsa.

"Ke Ruzita, lafiya?" in ji Alhaji. "Jirgin yoyo yake yi?"

"Yoyo?" Encik Razlan ya leƙo ta taga. "Wa ya ce yoyo? Hafizi ko a baho bai iya iyo ba!"

"Babu wani yoyo," in ji Abah. "Ita, mayar da rigar nan, kina tsorata min baƙi."

"Ita" yake kirana tun ina ƙarama, gajeren Ruzita. Da ya faɗi sunan sai ya saki sitiyari da hannu ɗaya. Ya juyo wajen da nake, ya sake juyawa ya kalli goshin jirgi, inda launin ruwan goro ke lilo a jikin ƙarfe. Ina nan kusa da shi, tawul yana can. Na ga lokacin da ya gane cewa awa biyu yana bin mai amai. Jijiyar wuyansa ta miƙe. Ya rage wuta, ya daidaita sitiyari, ya yi magana da muryar da ba ta nuna komai.

"Ita, ina tawul ɗinki? Rana za ta ƙona miki wuya. Je ki karɓo."

Na fita. Hafizi ya gaji da tsayuwa, ya kwanta shame-shame a goshin jirgi, ya rufe fuska da tawul ɗin. Encik Razlan na tsugune a kansa yana yi masa fifita da hula. Na tsaya a gefensu. Na tsaya. Zufa na bin bayana.

"Mene ne, ƙanwata?" in ji Encik Razlan.

Na nuna tawul da yatsa.

"Wannan? Haba, bar masa, ba ki ga mutuwa yake yi ba? Duk ya ɓata shi ma. Tsaya." Ya buɗe jakarsa, ya zaro wani sabo, fari ƙal, mai laushi, ya ɗora min a kafaɗa. "Riƙe wannan, na ba ki kyauta. Ya fi wancan tsumman sau goma. Ba sai kin yi godiya ba."

Abin da ya kamata in yi shi ne in koma in ce wa Abah bai ba ni ba. Kalma kaɗan ce, kuma ko a gaban Alhaji ba ta tona komai. Amma Abah bai taɓa aikena na dawo hannu biyu ba, kunyar in koma in ce na kasa ta kama ni. Na ce bari in jira, in barci ya ɗauki Hafizi sai in zare tawul ɗin a hankali in musanya masa da farin. Kafin nan na tsaya a ƙarfen dama ina kaɗa farin tawul kamar mai shanya. Fari a kan hasken ruwa, a idon Abah duk ɗaya ne da babu.

Hafizi bai yi barci ba. Wani aman ya taso masa. Ya miƙe zumbur, tawul a kansa, ya faɗa kan ƙarfen hagu.

Abah ya ga launi ya tashi daga ƙasa ya nufi hagu da sauri. Bai yi shakkar na karɓo ba. Ya ɗauka tsuntsaye na gani kusa. Ya murza sitiyari, ya ƙara wuta har goshin jirgi ya ɗaga.

A hagun nan kuwa gungume ne. Itace guda da saiwoyinsa, ruwan sama na kan tudu ya tumɓuke shi, kogi ya amayo shi cikin teku. Ya fi jirginmu tsawo. Ba ɓoyayye ba ne, saiwoyin a tsaye suke a sama kamar yatsu, har da tsuntsu biyu zaune a kai. Encik Razlan ma ya ɗaga waya yana ɗaukarsa hoto. Na waiwaya. Alhaji na kallon itacen, yana kallon fuskar Abah, yana jiran ya kauce. Abah na kallon gaba da ɗan murmushinsa na in an kusa kifi.

Na ruga wajen Hafizi don in fizge tawul ɗin, ƙafata ta zame a kan amai, na faɗi a gwiwa. Da na ɗago har ina ganin ɓawon itacen.

"Abah! Dama! Dama! Gungume a gabanka!"

Ban san ina da murya irin wannan ba. Abah ya watsa sitiyari dama da ƙarfinsa duka. Jirgi ya kwanta a gefe, kular ƙanƙara ta zame ta daki ƙarfe, bokitin koto ya tuntsure. Saiwoyin suka goge mu daga tsakiya har baya da wata doguwar ƙara, ƙiiii, da na ji ta har cikin haƙorana. Sannan muka wuce. Abah ya kashe inji.

Ƙananan kifaye na ta tsalle a kan katako.

"Ashe tana magana!" in ji Encik Razlan, ya fashe da dariya. "Pak, ka iya wasa da rai! Saura ƙiris in jiƙa wando. Hafizi, ka ga tuƙi?"

Alhaji bai yi dariya ba. Ya ɗauki malafarsa daga ƙasa, ya karkaɗe ta, ya leƙa ya duba gefen jirgi. Fenti ne kawai ya tafi. Ya dawo ya zauna. Da ya yi magana, a hankali ya yi, don kar baƙi su ji. Ni dai na ji, don na zo tattara koto a bakin ƙofa.

"Pak Embong, itacen nan, yanzu a wane ɓangare yake?"

Itacen na nan a bayanmu ta hagu, jifa ɗaya. Abah bai juya ba. Ya daɗe yana shafa sitiyari da babban yatsa.

"Alhaji, mutanen nan kifi suka zo kamawa. Mu bari sai mun koma." Ya ɗaga murya. "Ita, hau rufi. Ki faɗa da baki. Da ƙarfi, yadda zan ji."

Na hau rufin ɗakin tuƙi. Tsuntsayen sun yi nisa, sun kuma ragu, amma suna nan. Na riƙa faɗa. Dama kaɗan, Abah. Miƙe. Rage wuta, akwai jirgi a gaba. Ina jin kamar duk teku ni take saurare. Muka isa bayan azahar. Jirage uku sun riga mu, har da na Shukri. Ya ɗago ya gan ni a sama ina ihu ina nuna hanya, ya daina abin da yake yi, ya tsaya yana kallo.

Koto bakwai ne suka rage da rai. Na soka ɗaya a ƙugiya, na ɗaura balan-balan a zare, na sake shi ya bi ruwa. Na farko wani kifi ya cinye ya bar mana kai. Na biyu layaran ya ɗauka, amma Encik Razlan ya fizga tun bai haɗiye ba, ƙugiya ta fito fayau. Ya zagi ƙugiyar, ya zagi kamfanin da ya ƙera ta. Na uku, na huɗu da na biyar suka mutu a banza. Gajimare ya fara haɗuwa baƙi ƙirin ta arewa, sauran jiragen suka fara naɗe zare.

"Pak, ba zan koma wa matata da hoton itace ba," in ji Encik Razlan.

A koto na shida balan-balan ya yi gudu a kan ruwa ya fashe. "Bari ya ci," in ji Abah daga ciki, don kunnensa ya ji kukan zaren. "Bari. Bari. To, yanzu!" Sanda ta lanƙwashe. Can nesa layaran ya fito da jikinsa duka, filafilin a buɗe, shuɗi yana walƙiya, ya yi tafiya a kan jela kafin ya faɗa. Ko Hafizi sai da ya ɗago kai. Kusan rabin awa Encik Razlan na ja yana nishi yana kiran sunan Allah da na mahaifiyarsa. Da kifin ya zo gefen jirgi, na naɗe hannuna da farin tawul na kama bakin, don kaushi gare shi kamar zarto. Aka yi hoto. Mu ba ma cin layaran, sakinsa muke yi. Na riƙe shi cikin ruwa, Abah na tafiya a hankali don ruwa ya ratsa shi, har na ji ƙarfinsa ya dawo, ya buga jela, ya zame daga hannuna.

"Idon mikiya!" in ji Encik Razlan, yana dukan kafaɗar Abah. "Na gaya maka, Hafizi! Duk zagayen nan da ya yi da safe, ya san abin da yake yi. Pak, baɗi ma kai zan nema, ka rubuta sunana."

Abah ya juya jirgi, ya nufi gida.

Muka shigo bakin kogi da la'asar, yayyafi na binmu, ina kan rufi ina kiran hanya. Shukri ya riga mu ɗaurewa. Shi ya karɓi igiyarmu.

"Sannu da zuwa, Pak. An ce kun shiga daji a tsakiyar teku."

"Ɗaure igiya ka rufe baki," in ji Alhaji.

Baƙi suka kwashe kayansu suka hau sama wajen mota. Alhaji ya tsaya a ƙofar ɗakin tuƙi. Ina wanke katako, ban da wurin zuwa.

"Wata nawa?"

"Huɗu," in ji Abah.

"Wata huɗu kana ɗaukar 'ya'yan mutane kana ratsa bakin kogin nan da tawul."

"Ba a taɓa samun matsala ba, Alhaji."

"Sai yau."

"An ba ni rana a Disamba. Likita ya ce aikin ba shi da wuya. Kafin a buɗe teku a Maris idon ya dawo."

"Allah Ya sa." Alhaji ya cire malafa ya share goshi. Ban ji fushi a muryarsa ba, da ma fushin ne da ya fi min sauƙi. "Embong, shekara sha tara. Da a Yuli ka zo ka same ni, da na ce Shukri ya riƙe maka sitiyari kana zaune a gefensa, jirgin yana naka har ka warke. Amma ka bar ni ina ji a shagon kofi. Yau da yarinyar nan ba ta yi ihu ba, me zan ce wa ɗana? Me zan ce wa matar mutumin nan?"

Ya miƙa hannu.

Ina ta neman kalma ɗaya a maganarsa da zan ce ƙarya ce, ko zalunci, don in samu wanda zan ji haushi. Ban samu ba.

Abah ya laluba ya zare makullin. Yana ɗaure da wani ɗan toton roba da mahaifiyata ta saƙa wa igiya tun ina goye. Ya tsaya yana ƙoƙarin kwance igiyar, yatsunsa suka kasa, sai ya miƙa duka. Alhaji ya ba Shukri, ya ce ya hau da jirgin can cikin kogi inda ake ɗaure jirage su yi damina. Aikin da Abah ke yi kowace shekara da hannunsa, ni ina riƙe igiya. Shukri bai yi wata tsokana ba wannan karon. Ya ce, "Pak, akwai abin da za ka ɗauka a ciki?" Abah ya ce babu.

Muka hau kwata. Muna tsaye jirgin ya ja baya, ya juya. Abah ya karkata kai yana sauraron injin.

"Yana ba shi wuta da yawa," in ji shi.

Sai ga Hafizi ya dawo da gudu, jini ya dawo masa fuska tunda ya taka ƙasa. Ya miƙo min leda a ɗaure, yana kirana Kak, wato yaya.

"Kak, tawul ɗinki. Yi haƙuri da warin. Wallahi shi ya cece ni yau, na gode ƙwarai."

Na karɓa. Na kalli ƙafata. Ya koma, motarsu ta tashi.

Abah bai juyo ba. "Magana ɗaya ce, Ita," in ji shi. "Ba ni tawul ɗina. Shi ke nan. Ko yaron goye zai iya faɗa."

Amsar na bakina. Shi ma magana ɗaya ce ya kasa faɗa wa Alhaji, tun Yuli. Ta zo har maƙogwaro, inda sauran ke tsayawa, na haɗiye ta. Ta sauka da zafi.

Yayyafin ya fara ƙarfi. Kwatarmu doguwa ce, ta katako, akwai wurare biyu da katakon ya ɓalle ba a gyara ba. Kullum da yamma nakan yi gaba, shi yana biye kamar hira muke yi. Ya gyara hularsa.

"Sa shi a kafaɗa. Duhu ya fara, ba na ganin katakon."

Na kwance ledar. Warin ya buge ni har idona ya kawo ruwa. Na yarfa shi a kafaɗa haka nan, jiƙe, na yi gaba. Na matsa dama a wurin ramin farko, na ji takunsa ya biyo ni.